Shekarar da na ara wa surukina hannu

Da sunan Allah, wanda ya ja mini kwana har na ga jikokina suna gardama da ni.

Na daɗe ina kewaye wannan babi. Abin da ya zaunar da ni a kansa yau shi ne maganar da kuka kawo mini daga bukin da kuka je Damagaram, cewa wata tsohuwa cikin dangina ta nuna ku da baki ta ce, “Ɗiyan mai gurmi ne.” Kun yi dariya a can, kuka zo nan kuna tambayata cikin wasa, ni ma na yi dariya na kawar da zancen. To, ba ƙarya ta yi ba. Na taɓa kiɗan gurmi a bainar jama'a, kwana uku a jere, da goyo a bayana, gwiwata tana gugar gwiwar surukina. Tun da dai za a ba ku labarin, gara ku ji shi daga bakin wadda yatsunta suka fashe.

Lokacin muna unguwar Maourey a Yamai, cikin gidan haya mai ɗaki biyu da zaure, da bishiyar lemun tsami ɗaya da nake shayarwa da ruwan alwala. Damina ta ƙi shekara bisa shekara, sojoji kuma ba su daɗe da karɓar mulki ba. Babanku ƙaramin ma'aikaci ne a wani buro na gwamnati, yana fita da safe da rigarsa a goge, yana dawowa da rana da labarin wanda aka kama saboda hatsin agaji. Ni kuwa kun san gidan da na fito. Mahaifina malami ne, bai yarda na shiga lakwal, wato makarantar boko, ba sai da sharaɗin in sauke Alƙur'ani, na kuwa sauke kafin in gama kwalej. Da na zo Yamai sai matan unguwa suka riƙa turo mini 'ya'yansu mata bayan la'asar, ina biya musu allo, ina kuma duba musu aikin lakwal. Zauren nan yakan cika har bakin ƙofa. Malama ake ce mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana yi mini daɗi.

A cikin wannan hali aka sauke mana kakanku, mahaifin babanku, daga bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya taso daga wajen Dogon Dutsi. Garinsu ya watse, shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye tun kaka. Ƙafar tana ɗan ja, hannun kuwa yana rataye kamar ba nasa ba. Kayansa duka buta ce da bargo da wata jakar fatar akuya. Da na buɗe jakar don in kakkaɓe sai ga gurmi: 'yar ƙwarya an rufe bakinta da fatar guza, da sanda da hannu ya goge har tana sheƙi, da tsirkiya biyu. Lokacin neman aurena an faɗa wa mahaifina cewa surukin nawa manomi ne. Manomin ne kuwa, sai dai shi ke kaɗa wa manoma ranar gayya, wannan ne ba a faɗa ba. Na mayar da abin cikin jakarsa, na rataye a bayan ƙofar ɗakin ajiya, inda 'yan karatuna ba za su gani ba.

Ku na yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon tele, Allah ya kyauta. Mu a lokacin, in na kai wa Baba abinci, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in tura akushin, in gaishe shi fuskata tana kallon bango. Ban taɓa kama sunansa ba, shi ma bai taɓa kama nawa ba, 'yar malam yake ce mini. Da akushin ya riƙa dawowa kamar yadda ya tafi, ba ni da bakin tambaya. Na sauya tuwo zuwa fura, na sauya fura zuwa kunu, na roƙi maƙwabciyata Bazabarma ta yi masa kopto, kwaɗon ganyen nan nasu, duk ɗaya. Yini yake a kan tabarma yana kallon ƙofar gida. Sai babanku ne ya faɗa mini dalili.

Yaya Rabi, 'yar farin Baba, wadda ta goyi babanku, ta bar ƙauyen mijinta da 'ya'ya uku tun kafin a kwaso Baba, ba wanda ya san inda ta nufa. Kun san kunyar ɗan fari. Ke babbar, har yau da furfurata ban iya kiran sunanki ba. To Baba ya fi ni tsanani. Tun da aka haifi Yaya Rabi sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko a bayan idonta. In yana son ta, gurmi yake ɗauka ya kaɗa mata wani take, duk inda take a garin sai ta taho. Da shi ya kira ta daga rijiya tana yarinya, da shi ya sallame ta ranar da aka kai ta ɗaki.

Wata rana mai garuwan da ke kawo mana ruwa, mutumin wajensu ne, ya ce ya ga mace kamar ita tana sauka daga mota a Lazaret. Lazaret ta lokacin ba unguwar da kuka sani ba ce da kasuwarta. Fili ne a bayan gari inda aka tara waɗanda yunwa ta koro, mutane iyakar ganin ido. Babanku ya je sau biyu. Takardun da ke hannun sojoji sunayen masu gida kawai ke ciki, mijinta kuma ba ya ciki. Ya bi tsakanin bukkoki yana tambaya, amma wace mace ce za ta amsa wa mutum mai wando da takarda a hannu, alhali ana ta raɗe-raɗin za a kwashe mutane? Raɗe-raɗin kuwa ya tabbata. Aka yi shela a radiyo cewa kafin ruwan farko za a zuba kowa a mota a mayar da shi yankinsa. In aka kwashe ta, wa ya san inda za a sauke ta, ita da ba ta da garin komawa?

Babanku ya yi dabarar da yake gani ta fi. Ya samo wani makaɗin 'yan kokowa a unguwar Kalley, saurayi mai hannu kamar ruwa, ya kawo shi zaure don Baba ya koya masa taken. Ina ɗaki ina jin su. Baba ya yi masa da baki sau ɗaya, saurayin ya ɗauke shi nan take.

“Ai wannan taken noma ne, Baba,” in ji shi. “Kowa ya san shi a Arewa.”

Ya kaɗa shi tsaf, har da ƙarin kwalliya.

“Kai yaro, wa ya koro ka?” Baba ya ce. “Tsaya nan. Nan wurin, tsaya.”

“In na tsaya nan kiɗan ya mutu, Baba. Mutanen birni ba su son jan rai.”

“Ba mutanen birni nika kira ba.”

Saurayin ya yi dariya ya ce ya ji. Ya je Lazaret ya yini yana kaɗawa, yara suka kewaye shi, har wasu tsofaffi suka ɗan taka. Da yamma ya dawo shi kaɗai.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, babanku yana buro, ina wanki a tsakar gida sai na ji tsirkiya tana ƙara daga ɗakin Baba. Ashe ya ja ƙafa har ɗakin ajiya ya ɗauko abinsa. Sauti biyu ne kawai suke ta maimaituwa, ba hawa ba sauka. Na leƙa ta labule. Ya ɗora gurmin a cinya, yana bugawa da hannun dama, ya ɗauki hannun hagun ya aza a kan sandar, hannun ya zame ya faɗi. Ya sake azawa, ya sake faɗuwa. Daga nan ya sunkuya yana ƙoƙarin danne tsirkiyar da haɓarsa. Na koma bakin bahon wanki na tsaya, kumfa tana bushewa a hannuna. Na san abin da littafi ya ce, uban miji muharrami ne, zama kusa da shi ba zunubi ba ne, al'ada ce kawai ta hana. Batun kiɗa kuwa na san malamai sun saɓa, na kuma san ɓangaren da mahaifina yake tsaye, ba ya ko bin hanyar da ake kiɗa. Na yi alwala na yi raka'a biyu. Ban ga wata alama ba, sai dai da na sallame ƙarar nan tana nan, sauti biyu, sauti biyu. Na ɗaga labulen na shiga har tsakar ɗakin, abin da ban taɓa yi ba.

“Baba, in na danna maka, za ka iya bugawa?”

Ya ja bargo ya rufe gwiwarsa.

“'Yar malam, kin san mi kika ce kuwa?”

“Na sani.”

“Babanki na da rai.”

“Yana da rai, Baba. Nuna mini inda ake sa yatsa.”

Haka muka fara. Na zauna a hagunsa, muka shimfiɗa gurmin a kwance bisa matashi, ƙwaryar a cinyarsa, sandar a tawa. Tsirkiya ɗaya uwa yake ce mata, ba a taɓa ta, ita dai tana gunji a ƙasa kamar mai riƙe wa ɗaki ginshiƙi. Ɗayar ita ce ɗiya, ita ke magana, a kanta nake dannawa daga sama da yatsu biyu. Wuraren dannawa uku ne kacal. Na ɗiga musu jar tawada, na ɗauko kayen lakwal na rubuta jerinsu da lambobi, cikin kwana biyu na haddace. Har na fara jin kaina, ina cewa a raina ashe abin da ake ta kururutawa ke nan. Sai Baba ya ce to yanzu za mu fara koyo.

Taken zagaye uku ne, kuma duk ukun sautinsu ɗaya, amma ba ɗaya ake faɗarsu ba. Na farko a hankali yake buga shi, kamar mutum yana magana da kansa, wai don in tana kusa ta taho ba tare da ƙawayenta sun gane kiranta ake ba. Na biyu yakan ɗan ɗaga, ya ɗan matsa, kamar mai gyaran murya. A na uku ne aikin yake. Yana kaiwa tsakiya sai ya buga sau ɗaya da ƙarfi ya ɗauke hannu. Ni kuma kada in ɗaga yatsa. In riƙe, in bar sautin yana raguwa da kansa, sai ya kusa ƙarewa sannan in ja yatsan zuwa wajen ƙwarya, ragowar sautin ta ɗan tashi sama kamar wutsiyar kiran da mace ke yi wa wata daga nesa. Sannan ya biyo da bugu biyu masu sauri. In na ja da wuri, abin yakan fita kamar kukan mage. In na makara, babu abin da ya rage da zan ja. Sai na yi abin da aka koya mini a lakwal. Na ajiye montur ɗin babanku, agogonsa na hannu, a gabana na ƙirga. Ran nan bugun agogo huɗu ne. Na rubuta huɗu. Washegari na ja a kan huɗu, Baba ya girgiza kai, na ƙirga nasa sai ga shida.

“Baba, jiya huɗu ne, yau shida. Wanne zan riƙe?”

“Huɗun mi?”

Na nuna masa montur. Ya dube shi kamar na nuna masa kwaɗo.

“Jiya tana bakin rijiya,” ya ce. “Yau tana gonar fadama. Kina so in taho da bugu biyun tun ba ta aje tulu ta waiwayo ba?”

Ashe shirun nan jira ne. Yana bugawa gwargwadon nisan da yake jin tana ciki, in nesa ne ya buga da ƙarfi, sautin ya daɗe, jiran ya yi tsawo. Abin da saurayin Kalley ya cike da kwalliya ke nan, shi ya sa ya kaɗa taken noma, bai kaɗa nata ba. Na fahimta da kaina, amma yatsana bai fahimta ba. A ɓoye na ci gaba da ƙirga, ina sauraron ƙarfin bugun in kintaci lambar. A cikin ɗaki, inda ba hayaniya, dabarar takan yi aiki sau biyu cikin uku. Tsirkiyar kuma igiyar kamun kifi ce, ta yanka mini kan yatsu har na daina iya damun fura da hannun. Amma Baba ya fara ci. Kullum in mun tashi sai ya ce, “Akwai sauran kunun nan?”

Rana ta biyar babanku ya dawo kafin lokacinsa ya same mu. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu. Ya juya ya wuce ɗakinmu, na bi shi.

“Kin san abin da za a ce a buro? Matar wane tana roƙo da gurmi a Lazaret, a gaban sojoji, kusa da buhunan agaji. Mutane nawa aka ɗauke wannan watan a kan abin da bai kai wannan ba?”

“Ba roƙo za mu yi ba.”

“Wa zai tsaya ya tambaya? Malam mahaifinki fa? Me zan ce masa, ni da na ce masa manomi ne?”

“Izninka nake nema. In ka hana, na hanu. Amma kai za ka shiga ka faɗa wa Baba.”

Ya zauna a bakin gado ya cire takalmi ɗaya, ya daɗe yana riƙe da shi. Allah ya jiƙansa, ba mugu ba ne, tsoro ne irin na wancan zamani, da mutum ke rage murya ko a cikin ɗakinsa.

“Ban hana ba,” ya ce. “Ban kuma sani ba.”

Washegari muka shiga taksi, ni da Baba da ke babbar a bayana. Abin da na gani a Lazaret ba zan zayyana muku duka ba. Buzaye ba raƙuma, Fulani ba shanu, manoma ba ko kalme, kowa a ƙarƙashin tabarma ko tsumman tanti, mata a sahu da ƙore suna jiran jar dawar nan ta agaji da sai an yini ana daka. Wani sarjan ya tare mu a bakin shiga, ya sa aka buɗe jakar.

“Madam, wane ne makaɗin, ke ko tsoho?”

“Shi ne. Ni hannu na ara masa.”

“Waƙar wa za ku yi? Ba a zambo a nan.”

“Ba waƙa. Ɗiyarsa yake nema.”

“To ba ta da suna ne?”

Baba ya kau da kai. Sarjan ɗin ya dube shi, ya dube ni, sai ya ce, “'Yar fari ce?” Na ce i. Ya mayar mana da jakar da hannu biyu, ya nuna mana gindin wata aduwa kusa da sahun mata.

Ranar farko kunya ta kusa kashe ni. Na ja mayafi har goshi, idona yana kan ɗigon jar tawada. Ga iska, ga kukan yara, ga injin kamiyo, sautin yana fita sai hayaniya ta haɗiye shi, ban jin inda yake ƙarewa balle in san lokacin ja. Na koma ga ƙirgata. Muka yi ta yi har azahar, ba kowa sai masu kallo. Rana ta biyu ma haka, sai dai a ranar wasu matan manyan ma'aikata sun zo rabon tufafi, biyu daga cikinsu 'yan unguwarmu ne. Labari ya riga ni isa gida. Da la'asar na share zaure na shimfiɗa tabarmi, yara biyu kawai suka zo, 'ya'yan maƙwabciyata Bazabarma. Can sai ga Hajiya Ta-Maraɗi, babbar matan layinmu, wadda 'ya'yanta uku ke karatu a wurina. Ko zama ba ta yi ba.

“Malama, an ce an gan ki, na ce ƙarya ne, ido ne ya yi musu gizo.”

“Ni ce, Hajiya.”

“Gwiwa da gwiwa da surukinki? Da hannun da kike riƙe wa yaranmu allo?”

“Da shi. Yayar maigidan muke nema.”

“Allah ya bayyana ta. Amma da kin tambaye mu, ai da an san yadda aka yi.”

Ba ta faɗi yadda za a yi ɗin ba, ni ma ban tambaya ba. Ta aiko aka kwashe allunan. Bari in gama muku wannan ɓangaren tun yanzu. Zauren nan bai sake cika ba har muka bar Maourey. Kafin wata ya ƙare wasiƙar mahaifina ta iso da ajami, gaisuwa layi biyu, sai tambaya ɗaya, wai gaskiya ne? Na amsa masa da shafi huɗu, bai sake rubutowa ba. Da na je gida bayan shekara ya karɓe ni, ya sa mini albarka, ya yi wasa da jikarsa. Amma da can duk zuwana yakan miƙo mini littafi ya ce in karanta masa, don idonsa ya yi rauni. Wannan karon ƙanena ya kira. Haka kuma har ya koma ga Allah. Na yi masa uzuri, bisa iliminsa ya tsaya. Sai dai har yau in na tuna yadda ya miƙa littafin ta gefena, sai in ajiye abin da nake yi.

Rana ta uku ta zuwanmu Lazaret babanku bai tafi buro ba. Shi ya goyi Baba daga ɗaki zuwa taksi, ya shiga gaba. Da muka isa, kamiyoyi sun riga sun jeru a gefen filin, ana kiran sunayen garuruwa da lasifika. Muka zauna a gindin aduwar. Muka yi sau ɗaya, na ja da wuri. Muka sake, na makara. Yatsan ya fashe yana jini a kan sandar.

“'Yar malam,” Baba ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. “Leɓenki na motsi. Bar lissafin nan. Rufe idonki.”

“Ban jin sautin, Baba.”

“Ni ma ban ji. Yana cikin yatsanki.”

Na rufe ido. Ya yi zagayen farko a hankali, ya yi na biyu. A na uku ya buga bugun da ban taɓa jin ya yi irinsa ba, har ƙwaryar ta motsa a kan matashin. Sai na ji tsirkiyar tana kaɗawa a cikin ciwon yatsana, zir, zir, kamar ƙuda a cikin tafin hannu. Na riƙe. Huɗu ta wuce, shida ta wuce, ban san nawa ba, don na daina ƙirgawa, tunanina ya tafi ga matar da ban taɓa gani ba, ina take, da me a hannunta, ko ta ɗago kai. Kaɗawar ta yi ta sirancewa har ta zama kamar gashi ɗaya. Sannan na ja. Baba ya biyo da bugu biyun. Muka sake, muka sake, ban buɗe ido ba. A na huɗu ne na ja, na jira bugu biyun, ba su zo ba.

Da na buɗe ido, wata mace ta fito daga sahun hatsi, daga can gaba kusa da buhuna, wurin da sai wanda ya zo tun asuba yake samu. Matan da ke bayanta suna ta kiranta ta koma kada a cinye mata wuri, ba ta waiwaya ba. Doguwa ce, ba komai a jikinta sai ƙashi, da ƙwarya ba komai a ciki, da yarinya ɗaya tana riƙe da gefen zanenta. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta ba Baba gefenta. Baba ya dubi yarinyar, ya dubi bayanta ko akwai wasu, babu. Bai tambaya ba. Ya kafa idonsa a kan aduwar. Babanku ne ya durƙushe a cikin rairayi da wandonsa na buro yana cewa, “Yaya, Yaya,” kamar yaron da aka bari a kasuwa.

Ba ta yi kuka ba. A cikin taksi ne ta yi magana, ni take faɗa wa, don ba za ta faɗa wa Baba ba.

“Ran da saurayin nan ya zo na ji shi. Na ce shi ke nan, ya rasu, an sayar da gurminsa. Na shiga bukka na yi masa addu'a. Shekaranjiya da jiya ma na ji ku. Na ce hannun dama nasa ne, na hagu ba nasa ba ne, na rasa yadda za a yi haka, na ce yunwa ce ke yi mini wasa da kunne.”

“Yau fa, Yaya?”

“Yau an jira ni.”

Da muka isa gida Baba ya ja ƙafarsa ya shiga ɗaki, daga ciki ya ɗaga murya ya ce, “'Yar malam, a ba baƙin nan ruwa. Ni ma a kawo mini tuwo.” Na kawo ruwa a kwanon sha na durƙusa na miƙa mata. Ta ba yarinyar ta sha, ita ma ta kurɓa, amma maimakon ta mayar mini da kwanon sai ta kama hannuna ta juya shi. Ta daɗe tana duban yatsun nan biyu.

“Ke ce 'yar malamin da aka ce ko tafi ba a yi a gidanku?”

“Ni ce, Yaya.”

“Akwai lalle a gidan nan?”

Na ce akwai. Matar da ta yi watanni ba ta ƙoshi ba, tuwo yana gabanta yana huci, ta ce a fara kawo mata lallen. Ita ta kwaɓa shi da kanta a bayan ƙwaryar da ta fito da ita daga sahu, ta ɗora hannuna a kan gwiwarta, ta shafa a hankali tana hura mini, ta yagi bakin zanenta ta ɗaure. Sai da ta gama sannan ta wanke hannu ta ce bismillahi.